Darasi na Bakwai: Idan Aka Rage Kuɗin Mai Naƙasa, Wa Zai Ɗauki Nauyin?

A ranar 18 ga Maris, 2025, ministar ayyuka da fansho ta Birtaniya, Liz Kendall, ta miƙe a majalisar wakilai da ke Landan ta sanar da shirin gwamnati na zabtare kusan fam biliyan 5 a shekara daga kuɗin tallafin marasa lafiya da masu naƙasa kafin shekarar 2030. Labarin ya tayar da hankalin masu naƙasa, ya kuma tayar da hankalin waɗansu mutane da ba kasafai ake tunawa da su ba: iyaye mata da ke yi wa 'ya'yansu baligai wanka, da mazan da suka ajiye aiki don jinyar matansu, da 'ya'yan da ke kwana kusa da tsofaffinsu suna kasa kunne ko za a kira su cikin dare. Darasin yau a kan waɗannan mutanen yake. Za mu ga yadda kuɗinsu yake ɗaure da na wanda suke jinya, da dalilin fargabarsu, da yadda ta kaya a majalisa. A hanya kuma za mu yi ɗan lissafi, domin shirin gwamnati irin wannan ba ya fito da ainihin fuskarsa sai an sauke shi a kan gida guda an ƙirga.

Masu jinya a gida

Ƙidayar jama'a ta 2021 ta nuna cewa a Ingila da yankin Wales akwai kimanin mutum miliyan 5 da ke kula da wani ɗan uwa ko aboki mai ciwo, ko mai naƙasa, ko tsoho, ba tare da albashi ba. Kusan miliyan ɗaya da rabi daga cikinsu suna yin sa'a 50 ko fiye a mako a kan wannan hidima. Wajen shida cikin kowane goma mata ne. A 2023, wani bincike da ƙungiyar masu jinya ta Carers UK ta fitar tare da masana na Jami'ar Sheffield ya ƙiyasta darajar wannan aiki da fam biliyan 162 a shekara, adadin da ya yi kafaɗa da kafaɗa da kasafin hukumar lafiya ta ƙasar, NHS.

Gwamnati tana ba wasu daga cikinsu alawus na mako-mako, amma da sharuɗɗa masu tsauri. Dole mai jinya ya yi aƙalla sa'a 35 a mako yana hidimar. A shekarar kuɗi ta 2025 zuwa 2026 alawus ɗin fam 83.30 ne a mako. Ku raba wannan kuɗi gida 35, za ku samu fam 2.38 a kowace sa'a, a ƙasar da mafi ƙarancin albashin baligi a lokacin yake fam 12.21 a sa'a. Wanda ke jinyar mutum biyu, alawus ɗaya zai karɓa. Ɗalibin da ke karatun sa'a 21 ko fiye a mako ba shi da rabo. Tsohuwar da ta fara karɓar cikakken fanshon gwamnati, alawus ɗinta ya tsaya ke nan, ko da kuwa tana nan tana ɗaga mijinta tana kwantarwa.

Ko wannan ɗan kuɗin ma sai da aka yi gwagwarmaya ya kai hannun mafi yawan masu aikin. Da aka ƙirƙiro shi a 1976, an hana matan aure, bisa tunanin cewa ai suna gida dama, jinya aikinsu ce. Sai a 1986 wata mata mai suna Jacqueline Drake, wadda ta bar aiki don ta kula da mahaifiyarta, ta yi nasara a Kotun Turai, sannan aka buɗe wa matan aure ƙofa. Shekara goma cur mutanen da suka fi kowa yin jinya suna bayan layi.

Kuɗi biyu, igiya ɗaya

Ga abin da ya kamata ku riƙe sosai a wannan darasi. Ba a ba mutum alawus ɗin jinya don kawai yana jinya. Sai wanda yake jinyar yana karɓar ɗaya daga cikin kuɗaɗen naƙasa da doka ta lissafa. Ga baligan da ba su kai shekarun fansho ba, babba a cikinsu shi ne wanda ake kira PIP, wanda aka fara biya a 2013.

PIP ba kuɗin rashin aikin yi ba ne, kuma ba a duba abin da mutum ya mallaka kafin a ba shi. An yi shi ne don rage raɗaɗin ƙarin kashe kuɗi da naƙasa ke jawowa: wutar da na'urar numfashi ko gadon lantarki ke ci, ɗumama ɗaki dare da rana ga wanda sanyi ke tayar wa ciwo, kuɗin tasi ga wanda ba ya iya hawa bas, wanki kullum, abinci na musamman. Ƙungiyar Scope ta ƙiyasta a 2024 cewa gidan da ke da mai naƙasa yana buƙatar ƙarin sama da fam 1,000 a wata kafin ya yi rayuwa daidai da gidan da ba shi da. PIP kashi biyu ne, na hidimar yau da kullum da na zirga-zirga. Na farkon ne alawus ɗin mai jinya ya rataya a kansa. Ranar da ya tsaya, alawus ɗin ma ya bi shi.

Yadda ake ƙirga maki

Kafin a ba mutum kashin hidimar yau da kullum, ana auna shi a fannoni goma: girki, cin abinci, shan magani, wanka, bayan gida, sa sutura, magana, karatu, cuɗanya da mutane, da sarrafa kuɗi. Kowane fanni yana da maki gwargwadon taimakon da mutum ke buƙata. Sai a tara makin duka. Wanda ya samu 8 zuwa 11 yana karɓar ƙaramin mataki, fam 73.90 a mako a 2025. Wanda ya kai 12 ko fiye yana karɓar babban mataki, fam 110.40.

Shirin Maris ya ƙara sharaɗi ɗaya, wanda a takarda bai fi layi guda ba. Bisa shirin, daga Nuwamba 2026, tara maki 8 ba zai isa ba, sai mutum ya samu aƙalla maki 4 a fanni guda.

Bari mu ɗauki misali. A ce wani magidanci ne ya samu shanyewar ɓarin jiki. Ba ya iya girki a kan murhu, sai dai da na'urar ɗumama abinci: maki 2. Sai an yanka masa nama kafin ya ci: maki 2. Sai an tuna masa ko an miƙa masa maganinsa: maki 1. Sai an riƙe shi ya shiga wurin wanka ya fito: maki 3. Idan ya zaga bayan gida sai wani ya tsaya kusa yana sa masa ido: maki 2. Sai an sa masa wando da takalmi: maki 2. Jimla 12. A tsohon tsari yana kan babban mataki. A sabon tsari ba shi da maki 4 ko a fanni ɗaya, don haka ba zai samu ko kwabo daga wannan kashi ba.

Yanzu ku dubi matarsa, wadda ita ce ke yankan naman, da riƙewar, da tsayuwar bakin ƙofa. Fam 110.40 na mijin ya tafi, fam 83.30 nata ya tafi. Fam 193.70 ke nan a mako, sama da fam 10,000 a shekara. Ƙari a kan haka, kowane mako da ta karɓi alawus ana rubuta mata shi a lissafin fanshonta na tsufa, wannan hanyar ma ta toshe sai in ta nemi wata. Gidajen da ke kan tallafin masu ƙaramin ƙarfi, wanda ake kira Universal Credit, lissafinsu ya ɗan bambanta, amma su ma ƙarin da ake ba mai jinya yana tafiya ne da kuɗin mai naƙasar.

Me ya canza a jikin wannan bawan Allah? Ko kaɗan babu. Washegarin ranar da kuɗin ya tsaya, zai farka yana buƙatar wanka, kuma ita ce za ta yi masa.

Hujjar gwamnati

Adalci ne mu ji ta bakin gwamnati, domin damuwarta ba ta banza ba ce. Ministoci sun ce kuɗin da ake kashewa a tallafin rashin lafiya da naƙasa ga masu shekarun aiki ya ƙaru da kusan fam biliyan 20 tun bayan annobar korona, kuma zai doshi biliyan 70 zuwa shekarar 2030. Sun ce kullum ana amincewa da sababbin masu karɓar PIP kusan 1,000, kuma mutum miliyan 2.8 ba sa aiki saboda doguwar rashin lafiya. Suka yi alkawarin zuba fam biliyan 1 a shekara wajen taimaka wa masu iyawa su koma bakin aiki, tare da cewa masu naƙasa mafi tsanani ba za a taɓa su ba.

Babu gwamnatin da za ta ga kashe kuɗi yana hauhawa haka ta naɗe hannu. Amma a ganina maganin bai dace da ciwon ba. PIP ba shi da alaƙa da aiki, wasu ma da shi suke biyan motar da ke kai su wurin aikin. Kuma ranar 26 ga Maris, da ministar kuɗi Rachel Reeves ta gabatar da bayanin tattalin arziki, ƙiyasin gwamnatin da kanta ya fito fili: mutum 800,000 za su rasa kashin hidimar yau da kullum kafin 2030, kowannensu zai yi asarar kimanin fam 4,500 a shekara. Masu jinya 150,000 za su rasa alawus ko ƙarin da ake ba su. Mutum 250,000 za su faɗa cikin talauci, 50,000 daga ciki yara. Daga baya alƙaluman ma'aikatar ayyuka da fansho suka nuna cewa kashi 87 cikin ɗari na masu karɓar ƙaramin mataki ba su da maki 4 a kowane fanni.

Abin da ke cin ran masu jinya

Fargabar farko ta kuɗi ce, amma ba ita kaɗai ba. Mai jinyar da aka yanke wa alawus yana tsakanin abu biyu. Ko ya ci gaba da jinya hannu wofi, ko ya fita neman aiki ya bar mai ciwon shi kaɗai. In ya zaɓi na biyu, nauyin zai koma kan ƙaramar hukuma, wadda doka ta ɗora wa kula da masu rauni, ko kan asibiti ranar da mutumin ya faɗi a banɗaki. Kowanne daga cikinsu ya fi fam 83.30 tsada nesa ba kusa ba. Ƙungiyoyin masu jinya sun yi ta nanata wannan: abin da aka rage a aljihu ɗaya na gwamnati zai fita ta wani aljihun, bayan an gama jigata iyali.

Na biyu, gajiya. Dokar kula da jama'a ta 2014 ta ba mai jinya a Ingila 'yancin a duba buƙatunsa shi ma, har da samun wanda zai karɓe shi na ɗan lokaci ya huta. Amma ƙananan hukumomi sun shafe shekaru suna fama da ƙarancin kuɗi, cibiyoyin yini da dama sun rufe, layin jira ya yi tsawo. Iyalai da yawa daga cikin PIP suke ɗebo abin da za su biya wani ya zauna da mai ciwon na 'yan sa'o'i, uwa ta samu ta je kasuwa ko ta ga likita don kanta.

Na uku, rashin yarda, kuma wannan yana da tushe. Mai karɓar alawus yana iya yin ɗan aiki a gefe, amma akwai iyaka: fam 151 a mako a 2024, aka ɗaga zuwa 196 a Afrilu 2025. Wanda ya haura iyakar ko da da fam ɗaya ne, ya rasa alawus ɗin makon gaba ɗaya. Ma'aikatar tana samun bayanin albashin mutane daga hukumar haraji, amma ba ta bi da yawa daga ciki a kan lokaci ba. Sai bayan watanni ko shekaru wasiƙa ta iso, ana neman mutum ya mayar da dubban fam. A 2024 jaridar Guardian ta bi diddigin lamarin, ofishin binciken kuɗin gwamnati kuma ya tabbatar da cewa ana bin mutum sama da 130,000 bashin da ya wuce fam miliyan 250. Wasu har kotu aka kai su. Binciken da Liz Sayce ta jagoranta, wanda ya fito a Nuwamba 2025, ya ɗora laifin a kan tsarin ma'aikatar da ƙa'idojinta masu ruɗani, gwamnati kuma ta amince za ta sake duba shari'o'in. Mutanen da aka yi wa haka, in aka ce musu su kwantar da hankali ba za a cutar da mai rauni ba, ba laifinsu ba ne in sun ƙi yarda.

Yadda ta kaya a majalisa

Masu naƙasa da iyalansu ba su zauna jiran tsammani ba. Sun yi zanga-zanga a Landan da sauran garuruwa, sun rubuta wa wakilansu, sun je ofisoshin mazaɓu sun zauna gaba da gaba da su suna nuna musu lissafi irin wanda muka yi a sama. Da aka fitar da ƙudurin dokar a watan Yuni, 'yar majalisa Vicky Foxcroft ta ajiye muƙaminta na mai tsawatarwa ta jam'iyyar Leba mai mulki, ta ce ba za ta iya goyon bayansa ba. Sama da 'yan majalisar Leba 120, ƙarƙashin jagorancin Meg Hillier, suka sa hannu a wata takarda ta neman a dakatar da shi. Adadin ya isa ya kayar da gwamnatin Keir Starmer a ƙuri'a.

Gwamnati ta ja da baya sau biyu. Da farko ta ce sharaɗin maki 4 zai hau kan sababbin masu nema kawai. Mutane suka ce ashe mutum biyu masu ciwo iri ɗaya za a bambanta su da ranar da ciwon ya same su. A ranar ƙuri'ar kanta, 1 ga Yuli, ana cikin muhawara, ƙaramin minista Stephen Timms ya sanar da cewa an cire sashen PIP daga ƙudurin baki ɗaya, har sai an kammala nazarin da zai jagoranta tare da masu naƙasa, wanda aka sa wa wa'adin ƙarshen 2026. Ƙudurin ya wuce da ƙuri'a 335 a kan 260, duk da haka 'yan Leba 49 suka ƙi shi.

Kada ku ɗauka komai ya koma yadda yake. Sashen da ya rage ya zama doka: ƙarin rashin lafiya na Universal Credit, wanda yake kimanin fam 97 a mako, an sauke shi zuwa kimanin 50 ga mafi yawan sababbin masu nema daga Afrilu 2026. Batun PIP kuwa ɗage shi aka yi. Abin da aka samu dai shi ne alkawarin cewa wannan karon za a zauna da masu abin kafin a yanke hukunci, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ba Birtaniya kaɗai ba ce. A Maris 2024 ma'aikatar masu naƙasa ta New Zealand ta taƙaita, ba zato ba tsammani, abubuwan da iyalai za su iya saya da kuɗin tallafi, har da na hutun mai jinya. Iyaye da yawa a Facebook suka fara ganin sanarwar. Bayan 'yan makonni aka karɓe ma'aikatar daga hannun minista Penny Simmonds.

Mu a nan gida

Wani a cikinku zai ce ai su suna da abin da za a rage. Gaskiya ne. A Najeriya, Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wariya ga masu naƙasa a Janairu 2019. Ta ba da wa'adin shekara biyar a gyara gine-ginen jama'a yadda mai keken guragu zai iya shiga, ta ware musu kashi 5 cikin ɗari na guraben aikin gwamnati, kuma a ƙarƙashinta aka kafa hukumar masu naƙasa ta ƙasa a 2020. Amma uwar da ke goye da yaro ɗan shekara goma sha biyu zuwa asibiti, ko yarinyar da aka cire daga makaranta don ta zauna da kakarta, babu alawus ɗin gwamnati da ke jiransu ƙarshen wata. Mukan shiga mu ce, “Ya mai jiki?” ta ce, “Da sauƙi,” mu ce, “Allah ya ba da lada,” mu fita. Addu'ar tana da kyau, kuma ladan yana nan. Sai dai da wuya a samu wanda zai ce, “Yaya, je ki kwanta, yau ni zan kwana da shi.”

Aiki

1. Wata mata tana karɓar ƙaramin matakin PIP, fam 73.90 a mako a 2025, ɗanta kuma yana karɓar alawus ɗin jinya, fam 83.30. Idan duka biyun suka tsaya, nawa gidan zai rasa a mako? Nawa a shekara mai mako 52?

2. Mutum biyu, ɗaya yana da maki 4 a wanka da 4 a sutura, ɗayan yana da maki 2 a fannoni shida. Wanne ya fi yawan maki? Wanne sharaɗin Maris 2025 zai bari, wanne zai cire? Kuna ganin wanne ya fi cin lokacin mai jinyarsa?

3. Ku rabu biyu a aji. Ɓangare ɗaya ya kare hujjar gwamnati da alƙaluman da ke cikin darasin, ɗayan ya kare hujjar masu jinya. Bayan an gama, ku yi musanyar ɓangare.

4. Ku tuna da wani gida a unguwarku da ake jinyar mai naƙasa, ba tare da ambaton suna ba. Ku rubuta ayyukan da mai jinyar ke yi daga asuba zuwa asuba, ku ƙiyasta sa'o'in mako guda. Sannan ku rubuta gajeriyar wasiƙa zuwa ga kansilan mazaɓarku, ku faɗi abu ɗaya tak da ƙaramar hukuma za ta iya yi wa wannan gida a bana.